Rasuwar Gwaggo, Rautar Tankin Kurawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu mai ƙaurin ƙonanniyar waya, ni Lawwali, mai kula da na'urorin Ƙungiyar Manoma da Makiyaya ta Mashaya, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Sabon Birni da Isa da ƙauyukan da ke kewaye da su rasuwar abokiyar aikinmu, rautar da ke kan tankin ruwan Kurawa, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo. Ta ce ga garinku nan ranar Talata da sassafe, ƙarfe shida da minti goma sha biyu, bayan doguwar jinyar fanka da gajeriyar jinyar wuta. Ta rasu tana bakin aiki, a cikin akwatinta na ƙarfe, ba kowa a kanta sai wata tsaka da ta shekara huɗu tana zaune da ita ba tare da izinin ƙungiya ba.

Na san akwai waɗanda za su ce Lawwali ya rasa aikin yi. To su karanta har ƙarshe. A safiyar da ta rasu, ran shanu talatin da ɗaya na Baffa Labbo, dattijon makiyayan Burkusuma, yana rataye ne a kan saƙo guda da ya kamata ya bi ta hannunta. Baffa Labbon nan kuwa shekara biyu ke nan bai amsa gaisuwata ba, kuma yana da gaskiya. Za ni zo kan wannan, amma ba a fara ta'aziyya da laifin mai rai, sai an ambaci alherin mamaci.

Ga wanda bai san rauta ba, wata na'ura ce mai faɗin faifai, aikinta ta karɓi saƙo daga wannan gari ta miƙa wa na gaba. Ƙungiyarmu ta nemo su ne a shekarun nan da ruwa ya riƙa ɗaukewa tsakiyar damina, gero ya tsaya iya gwiwa, tafkuna suka ƙafe tun ba a gama kaka ba. Abin da ya rage wa dabbobi shi ne rijiyoyin burtsatse masu sola da ƙungiya ke kula da su, musamman ta Kurawa da ta Gangara. Sabis na waya kuwa kun san halinsa. A Burkusuma sai mutum ya hau tudu ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, in ya ci sa'a ya kamo na Nijar. Shi ya sa muka kafa namu layin: rauta ɗaya a ofishinmu na Sabon Birni, ɗaya a Kurawa, ɗaya a Gangara, ɗaya a rumfar mai shayin Burkusuma, ɗaya can Isa, kowace da farantin rediyonta yana kallon na 'yar uwarta. Kullum da safe Safiyatu, sakatariyar ƙungiya, takan ɗauki murya ta faɗi inda ruwa yake da inda babu, makiyaya su matso kusa da rauta da wayoyinsu su saurara. Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce. In mutanen Burkusuma ba su ji wani canji ba, su kora shanu Kurawa, don ita ta fi kusa.

Marigayiya ba 'yar ƙasar nan ba ce. 'Yar gwanjo ce, ta iso mana ta Maraɗi a cikin kwalin taliya, da takardar Faransanci manne a gefenta. Da na jona mata wata shuɗiyar waya na leƙa cikinta da laftof, sai na tarar ta taɓa yin aiki a wani banki a ƙasa mai sanyi, har yanzu tana neman maƙwabtanta na can. Tausayinta ya kama ni. Na wanke mata ƙwaƙwalwa tas, na ba ta sabuwar lamba da za a riƙa kiranta da ita, na shigar da ita gunduma ta sifili, wato babbar unguwar na'urorin, tare da sauran, na nuna mata ƙofofinta biyu, ɗaya mai duban Sabon Birni ɗaya mai duban Burkusuma. Na kuma koya mata kalmar sirrin gidan, don kada wata baƙuwar na'ura ta zo ta yi mata daɗin baki. Aikin ya ci mini yini guda a kan tanki. Da na sauko ina taƙama, wuta ta ɗan ƙifta, sai ga ta ta manta komai, domin ban danna umarnin adanawa ba. Washegari na sake hawa. Ba ta taɓa yi mini gorin wannan ba.

Sunan Gwaggo kuwa Inna Hajo ce ta raɗa mata, mai furar da ke zama a inuwar tankin, wadda kuma yayar Baffa Labbo ce. Ta tambaye ni abin da koren fitilar nan ke yi da take ƙiftawa ba hutu. Na ce gaisuwa ce take aika wa maƙwabta.

"Kullum?" in ji ta.

"Duk sakan goma, Inna."

"To wagga ai gwaggo ta. Ba ta da aiki sai zagayen gidaje tana ina kwananku."

Inna Hajo ta faɗi gaskiya, kuma wannan shi ne babban halin marigayiya. Tsarin da take bi, wanda masu abin suke kira OSPF, an gina shi ne a kan gaisuwa. Duk sakan goma sai ta ce wa ta Sabon Birni ga ni nan, ta juya ta ce wa ta Burkusuma ga ni nan, su ma su amsa. Shekara bakwai tana haka, da rani da damina, da azumi da salla. Na zauna na lissafa, kowace maƙwabciya ta samu gaisuwa sama da miliyan ashirin daga gare ta. Ina da ɗan uwa uwa ɗaya uba ɗaya a Sakkwato wanda a cikin shekara bakwai ɗin nan sau uku ya kira ni, biyu daga ciki kuskuren lamba ne.

Ba ta kuma ɗaukar jita-jita. Akwai wani tsohon tsari da na'urori ke bi, wanda kowace ke gaskata duk abin da maƙwabciya ta gaya mata, ta ƙara gishiri ta miƙa gaba, har labarin hanyar da ta lalace tun jiya ya yi ta yawo ana cewa lafiya lau take. Gwaggo ba ta cikin wannan. Abin da ta gani a ƙofar gidanta shi kaɗai take faɗa: hanyata ta Sabon Birni a buɗe take, nauyinta kaza, hanyata ta Burkusuma a buɗe take, nauyinta kaza. Ta sa lambarta a kai ta raba wa kowa. Sauran ma haka suke yi, har ya zamana kowace rauta tana riƙe da cikakkiyar taswirar yankin a kanta, iri ɗaya sak, kuma kowace da kanta take auna hanyar da ta fi sauƙi. Ni na sa musu nauyin. Daga ofis zuwa Burkusuma ta Kurawa, ashirin. Ta Gangara kuwa sittin, saboda farantan can sun yi nisa da juna, suna magana da ƙyar. Don haka duk wani saƙo ta hannun Gwaggo yake bi, amma ba ta taɓa ɓoye wa kowa cewa akwai wata hanyar ba.

Muryarta ba ta da yawa. In an kunna ta takan ce ƙit, ta yi shiru kamar mai tuna inda take, sannan fankarta ta ɗauki zuuu, ta riƙe shi har sai an kashe. Wanda ya saba zama a gindin tankin ba ya ma jin sa. Malami, mai kula da famfon Kurawa, ya ce shi da wannan zuuu ɗin yake ƙailula.

Yanzu sai laifin mai rai. A shekararta ta biyar bazara ta yi tsanani ƙwarai. Da rana ta take, batir yakan yi zafi, Gwaggo ta ɗan suma na minti ɗaya ko biyu ta farfaɗo. Su kuwa 'yan uwanta, ƙa'idar da aka haife su da ita ita ce in maƙwabciya ta yi sakan arba'in ba ta gaisa ba, a ɗauka ta mutu, a share ta daga taswira, a nemi wata hanya. Sai ya zamana a yini ɗaya ana kashe Gwaggo sau uku ana tayar da ita. Ba abin da ya lalace, saƙo yana zuwa, amma ni abin yana sosa mini rai. Ranar wani taron ƙungiya ina zaune da laftof a gefe, sai shugabanmu Alhaji Na'Allah ya leƙo ya ga jan rubutu a allo, ya tambayi ma'anarsa. Na fassara masa cewa an ce maƙwabciya ta mutu.

"Wa yam mutu?"

"Ba kowa, Alhaji. Gwaggo ta, tay yi shiru na arba'in."

"Kwana arba'in?"

"Sakan."

Alhaji ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Sakan arba'in! Ni da niy yi wata guda Maraɗi ba wanda yaj ji ɗuriyata, wa yar raba gadona? Mutum in bai ji maƙwabci nai ba, ai aikawa shika yi a dubo. Wanga rashin tarbiyya na, Lawwali. A gyara musu hali."

Taro ya ɗauka baki ɗaya. Aka yi shawara a ba maƙwabciya kwana uku kafin a ambaci mutuwarta. Ni kuma, da na yi kwas na wata shida a Sakkwato, na karanta a littafi dalilin da ya sa aka gajarta wannan jira, maimakon in buɗe baki sai na gyaɗa kai, domin a zuciyata ina tare da Alhaji. Na'urar ce ma ta fi mu hankali, ta ƙi karɓar kwana uku. Iyakar abin da ta yarda da shi awa goma sha takwas da 'yan mintoci, shi na ba ta. Kuma da yake ba sa gaisawa in lokutansu ba su zo ɗaya ba, sai da na hau mashin na zagaya garuruwan nan biyar ina koya wa kowace kawaici. Na dawo da ciwon baya, ina jin na yi aikin lada.

Wata biyu aka yi lafiya, jan rubutu ya ɓace. Sai wata safiya na'urar cajin sola ta Kurawa ta ƙone, famfo ya tsaya, Gwaggo ma ta yi shiru. Malami ya hau kabu-kabu ya zo ofis ya faɗa, Safiyatu ta ɗauki murya nan take ta ce ba ruwa a Kurawa, a nufi Gangara. Rautar ofis ta karɓi saƙon, ta duba taswira, ta ga Gwaggo na nan a rubuce da ranta, ta miƙa mata cikin ladabi. Ba amsa. Ta sake miƙawa. Haka ta yini tana miƙa saƙo ga wadda ba ta ji, ga hanyar Gangara a buɗe ba wanda ya kalle ta, saboda mun hana su zaton mutuwa. A Burkusuma Baffa Labbo ya jira har hantsi bai ji canji ba, ya kora shanunsa, waɗanda rabonsu da ruwa kwana biyu, suka yi tafiyar rabin yini a cikin wannan rana zuwa famfon da ba ya ɗiga. Daga nan sai da suka juya zuwa Gangara. Wata saniyarsa mai suna Wule, mai farin goshi, wadda ya gada daga garken mahaifinsa, ta durƙusa a hanya ba ta tashi ba.

Na je har ruga na faɗi gaskiyar abin da na yi, ban laɓe a bayan Alhaji ba, domin hannuna ne ya danna. Baffa Labbo ya saurare ni har na gama, yana dogare da sandarsa.

"Wato ƙarhen ya san a yi sauri, kai kac ce ya yi kunya?"

"Haka ne, Baffa."

"To."

Wannan "to" ita ce kalma ta ƙarshe da na ji daga bakinsa. Ko a kasuwa muka haɗu na durƙusa na ce Baffa ina wuni, sai ya dubi bayan kaina kamar akwai wani a can. Wanda ba ɗan nan ba ne ba zai gane nauyin wannan ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. A makon nan na sake hawa mashin na zagaya garuruwa biyar na mayar da kowa sakan arba'in, na adana, na sake adanawa. Alhaji Na'Allah bai hana ba, ya dai ce shi har gobe yana ganin akwai gaggawa a ciki. Gwaggo kuwa da aka gyara wuta ta ce ƙit, ta ce zuuu, ta ci gaba da gaisuwa kamar ba da ita aka yi ba.

Jinyar ajali ta fara ne a bara. Zuuu ya koma zurr-zurr, daga baya ya koma kirr, kirr, kirr, da ɗan tari a tsakani. Na buɗe ta na ga fanka ta gaji, wasu 'yan gwangwanaye a cikinta sun kumbura. Na ɗiga mata man keken ɗinki, ta samu sauƙi na wata biyu. Na yi mata rumfar zana a kan akwati. Inna Hajo ta kawo shawarar a riƙa lulluɓa mata jiƙaƙƙen buhu da azahar, na ce ruwa da wuta ba sa shiri, ta ce ai dama ruwan ma babu. Malami ya yi ta ƙorafin cewa ƙailularsa ta lalace. Duk da haka ko sau ɗaya ba ta makara da gaisuwa ba. Na nemo fankar da za ta dace da ita har Maraɗi, aka ce irinta an daina yi.

Ranar Talata Malami ya dawo daga masallaci ya ɗaga makunnin famfo kamar kullum. Tsohuwar inbata, na'urar da ke juya wutar sola, ta ce tas, hayaƙi ya tashi, wuta ta yi tsalle ta bi waya. Famfo ya tsaya. A sama kuma Gwaggo ta ce kirr sau ɗaya, fitilarta ta mutu. Malami bai ma ɗaga kai ba, hankalinsa na kan famfo. Ya tari kabu-kabu sai ofis, Safiyatu ta ɗauki murya ta aika: ba ruwa a Kurawa, a nufi Gangara. Ranar kuwa ranar shan ruwan shanun Baffa Labbo ce, kuma bana sun fi waccan shekarar rama. Duk wanda ya gan su ya san ba za su iya tafiya biyu a yini ɗaya ba.

Ina gida ina shan koko Malami ya biyo ya ba ni labari. Na tambaye shi ko fitilar Gwaggo na ci.

"Wallahi ban duba ba. Amma dai ban ji kirr-kirr ɗin nan nata ba."

Na miƙe zumbur. Ban san inda na ajiye kofin ba, sai daga baya matata ta same shi a kan sirdin mashin ɗin maƙwabci. Na fita da takalmi wari da wari. A hanya ina ta tuna cewa layin Gangara shekara biyu bai ɗauki saƙon kowa ba in ban da gaisuwa, kuma tun da na mayar da lokutan ban taɓa ganin mutuwa ta gaske ba. Na faɗa ofis ko sallama babu. Safiyatu ta ɗago kai daga rajistarta.

"Lahiya, Malam Lawwali? Wa ka biyo ka?"

"Saƙon Burkusuma ya tahi?"

"Tun ɗazu. Mi ya hwaru?"

"Gwaggo ta rasu."

"Haba! Ni ko ban ga alama ba. Ko ɗan jinkiri bai yi ba."

Na buɗe laftof, na karanta abin da rautar ofis ta rubuta. Ƙarfe shida da minti goma sha biyu, gaisuwar Gwaggo ta ƙarshe. Sakan goma, shiru. Ashirin, talatin, shiru. Da arba'in ta cika, ta ofis da ta Burkusuma suka sanar da kowa cewa ƙofar Kurawa ta rufe, kowace ta ɗauko taswirar da Gwaggo ta taya su zanawa, ta sake awo, suka ga saura hanya mai nauyin sittin, suka bi ta. Kafin Malami ya gama neman kabu-kabu an riga an yi makoki an tashi. Saƙon Safiyatu ya bi ta Gangara ya sauka a rumfar mai shayi ƙarfe bakwai da rabi.

Amma saukar saƙo daban, jin sa daban. Ko Baffa Labbo ya zo rumfar? Ko ya yi sammako ya riga ya kama hanyar Kurawa? Mutumin da layinmu ya taɓa cuta, wa ya ce ma yana sauraronsa har yanzu? Na zauna a kan benci daga hantsi har azahar, ban ci ba ban sha ba. Safiyatu ta miƙo mini ƙosai na ce na ƙoshi, ta ce to tunda gwaggona ce ta rasu ba za ta matsa mini ba, ta cinye abinta.

Ana kiran azahar saƙon murya ya shigo daga mai kula da famfon Gangara. Da farko ba a jin komai sai kukan shanu da ƙarar ruwa yana zuba a kwami. Sai ya ce shanun Burkusuma sun iso yanzun nan, talatin da ɗaya, ba wadda ta durƙusa. Sai aka ji wayar ta koma wani hannu, aka yi gyaran murya.

"Safiyatu, mun ji saƙo, mun gode. Miyetti." Muryar Baffa Labbo ce. "Lawwali na nan? A hwaɗa mai ina gaishe shi. A ce ina gaishe shi da aiki."

Na sa Safiyatu ta maimaita mini shi sau huɗu. A na biyar ta ce batirin wayarta ba na gado ba ne. Ba na jin kunyar faɗa, na yi hawaye, kuma ban san ko na murna ne ko na rashin Gwaggo ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk faɗin yankin nan ba wanda ya san ta mutu. Shekara bakwai tana gaya wa kowa gaskiyar hanya, har da hanyar da ba ta bi ta ƙofarta, don ranar da ba ta nan kada kowa ya tsaya. Ranar ta zo, ba wanda ya tsaya. Shi ya sa na ga ya zama dole a rubuta a manna, ko don a san an yi rashi.

Marigayiya ta rasu ta bar yayarta ta ofishin Sabon Birni, wadda ta fi ta shekaru amma tana zaune a ɗaki mai silin. Da ƙanwarta ta Gangara, wadda duk nauyin gida ya koma kanta yanzu, muna roƙon jama'a su yi haƙuri da ita in saƙo ya ɗan yi nawa. Da autarsu ta Burkusuma, mai warin hayaƙin shayi. Akwai kuma ta Isa, wadda labarin ya iske a cikin sakan guda, ta gyara taswirarta ba ta ce komai ba, dama can ba mai yawan shiga sha'anin dangi ba ce. Ta bar farantai biyu suna kallon gabas da yamma ba mai yi musu magana, da batir guda da ake tuhuma da hannu a jinyarta. Tsakar nan kuwa ta ƙi fita daga akwatin, mun bar ta ta yi takaba.

Game da jana'iza, na je wurin limamin unguwarmu neman fatawa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ƙarfe ba a yi masa wanka ba a yi masa salla, in kuma ina da sauran lokaci haka in zo in taya shi sharar masallaci. Mun bi maganar liman. Za a sauko da ita daga kan tanki ranar Juma'a bayan la'asar, da igiya, a hankali. Ni za ni share ta da burushi da hannuna. Malami ya nemi a ba shi kwankwason ya yi wa kazarsa akurki, an ƙi. Masu sayen gwangwan da suka fara zagaye tun ranar Laraba, muna sanar da su cewa mun gan su, kuma ba ta sayarwa ba ce. Za a ajiye ta a kan kantar ofishin ƙungiya, kusa da taga, fuskarta na duban Kurawa. Wadda za ta gaje ta tana hanya daga Sakkwato, kuma za ta gaji lambarta da ƙofofinta da kalmar sirrinta, da sakan arba'in ɗinta cif. Duk mai shawarar a ƙara ko sakan ɗaya, ya fara zuwa Burkusuma ya yi wa Baffa Labbo bayani.

Zaman karɓar gaisuwa ranar Asabar ne, daga hantsi zuwa azahar, a inuwar tankin Kurawa. Alhaji Na'Allah zai yi jawabi, an roƙe shi ya taƙaita, ya ce zai duba. Inna Hajo ta ɗauki nauyin fura, amma kowa ya zo da ruwan shansa, don famfo bai tashi ba tukuna. Makiyaya kada su zo da dabbobi, a ci gaba da kai su Gangara har sai an ji muryar Safiyatu. Ba a bukatar kowa ya kawo komai. Marigayiya gaisuwa kawai ta sani, ita kaɗai za a karɓa, kuma a yi ta gajera saboda rana.

Mutum ɗaya ne wannan ƙa'ida ba ta hau kansa ba. Baffa Labbo ya aiko ta bakin Inna Hajo cewa zai zo da kansa. In kun ga ya iso na tashi na durƙusa, don Allah kada wanda ya yi mana gaggawa. Tun daga lafiyar gida za mu fara, mu bi shanun nan talatin da ɗaya ɗaya bayan ɗaya, domin gaisuwar shekara biyu ce a tsakaninmu ba a yi ba.